Zauren Ƙarfe Goma

Litinin

Zuwa ga Malam mai kula da kwamfutocin kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya mutanen gida. Allah ya sa lafiya lau, amin.

Ba ka san ni ba, don na bar maɗaba'ar nan tun kafin a kawo ku. Shekara talatin da huɗu na yi a hawa na biyu ina gyaran rubutu kafin a buga. Ka tambayi Mai Gadi wane ne Jan Biro, zai gaya maka, har da ƙari. Shi na ba wannan takarda ya miƙa maka, don an ce ɗakinka can ƙasa yake, ni kuwa gwiwata ta daina shiri da matakala.

Matata ce dalilin rubutun. Ita ce shugabar masu ɗinkin littafi, wadda kowa ke kira Anti Mai Zare. Allah ya yi mata rasuwa wata huɗu da suka wuce, saura shekara ɗaya ta yi ritaya.

A da akwai wani tebur a bayan ɗakin injin, nan muke zama shan shayi ƙarfe goma. Da tsofaffi suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, sai ta buɗe musu zaure a manhajar kamfani, ta sa masa suna Ƙarfe Goma. Mutum tara ne a ciki, ban da ita. Kullum ƙarfe goma sai ta aika musu da murya, ta gaishe su da sunayensu, ta yi wa kowa tsiyarsa. Ni ban shiga ba. Ta yi, ta yi da ni, na ce wanda ke gida ɗaya da rediyo me zai yi da wata tasha. To, ga shi rediyon ya yi shiru.

Jiya Dogo mai injin ya kira ni, ya ce saƙo ya fito a zauren cewa ba shi da mai shi, za a share shi nan da kwana talatin. Wayarta tana hannuna, amma da na taɓa manhajar sai ta ce an rufe akawun, wato sunanta na shiga. Dogo ya gwada ɗaukar mini muryar da wata waya, abin da na samu shi ne ƙarar fankarsa da tarinsa. Kuma saƙonnin nata sun haura ɗari shida.

Roƙona biyu ne. Ka sa ni a zauren, kuma kada a share shi. Ban san ko abu ne mai wuya ba. A zamaninmu in ba a son a zubar da abu, takarda ake liƙa masa a rubuta "kada a taɓa".

Na gode ƙwarai. Allah ya taimake ka a kan aikinka.

Naka,
Jan Biro


Laraba

Zuwa ga Baba Jan Biro,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ya haƙuri. Allah ya jiƙan Anti, ya sa ta huta, ya ba ka dangana.

Baba, ba malam ba ne, mace ce. Kada ka ji komai. Shekarata uku a nan, har gobe akwai masu aiko mini imel suna cewa "Yallaɓai". Waɗanda suka san da ni suna ce mini Mai Makulli.

Ban taɓa ganin Anti ido da ido ba. Amma gara ka ji daga bakina, ni na rufe akawunta kwanan nan, ranar da takardar rasuwarta ta iso a makare daga ofishin ma'aikata. Layi ɗaya na rubuta, na wuce zuwa aiki na gaba. Ban san abin da ke bayan layin ba.

Bari in yi maka bayanin yadda abin yake, ka gafarce ni in na cika ka da surutu. Kamfanin nan yana da zaure ɗari uku da goma sha biyu. Kowane zaure yana da mambobi, yana da baƙi, yana da mai shi. Duk wanda ya yi ritaya baƙo ne. Baƙo yana magana, yana saurare, amma ba ya kwafar komai ya fita da shi, kuma ba ya zama mai zaure. Dole mai zaure ya kasance ma'aikaci ne da ke bakin aiki. Anti ce kaɗai ta rage a bakin aiki cikin mutanen Ƙarfe Goma, shi ya sa da aka rufe akawunta na'ura ta fara ƙirga kwanaki.

Ni ba na danna hotuna a allo kamar sauran mutane. Baƙin allo gare ni, rubutu kawai. Na haɗa wani jerin umarni, layi arba'in da ɗaya, na sa masa suna Masinja. Ina ba shi takarda mai gida uku: sunan mutum, sunan zaure, da matsayinsa, mamba ne, baƙo ne ko mai shi. Sai ya shigar da ni zauren da makullina a matsayin mai riƙon ƙwarya, ya sa mutumin, sannan layin ƙarshe ya fitar da ni. Duka daƙiƙa huɗu ne. Ni na rubuta layin ƙarshen nan da hannuna a watana na farko, don dokar sashenmu ta ce makulli ba ya zama a zaure. Makullin yana buɗe ƙofa ne kawai, ba ya jin abin da ake faɗa a ciki, ba ya kwafa.

Kafin in sa baƙo, sai mai zaure ya sa hannu a fom. Ka ga ke nan roƙonka biyu abu ɗaya suke jira, wato ma'aikaci guda da zai yarda ya riƙe zauren. Yau zan aika wa kowa imel. Mutum ɗari biyu da wani abu ne, ba za a rasa ɗaya ba.

Saura kwana ashirin da bakwai. Ka huta lafiya, Baba.

Taka,
Mai Makulli


Juma'a

'Yata Mai Makulli,

Sallama da gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Na gode da ta'aziyya, Allah ya ba da lada. Ki yafe mini "Malam" ɗin nan. Shekara talatin da huɗu ina kama kuskuren mutane, ga shi na buɗe takarda da nawa.

Batun rufe akawun, ki cire shi daga ranki. Ni ma na sha jan layi a kan sunayen mutane a jerin ma'aikata, ban taɓa tambayar ina suka tafi ba. Aiki ne.

Takardarki na karanta sau uku. Babu kuskure ko ɗaya, abin har ya ɓata mini rai, don na riga na cire murfin biro. Abin da ya tsaya mini shi ne Masinjan nan naki. Mun yi masinja a nan, wani gajere mai keke. In aka aike shi hawa na uku sai ya tsaya a na ɗaya ya sha shayi, ya tsaya a na biyu ya ba da labarin shayin. Takarda takan yi awa biyu a hanya, amma babu wanda ya taɓa rasuwa ko ya yi haihuwa a ginin nan ba mu ji ba. Naki daƙiƙa huɗu. Allah ya kyauta.

Kin tambaye ni lambar waya ta bakin Mai Gadi. Ki sa tata, tana aiki, ni nake sa mata caji kullum. Ina ajiye ta a kan tebur kusa da kwandon zarenta. 'Ya'yanmu biyu duk suna nesa, suna kira ranar hutu, su tambayi ko na sha magani, in ce na sha, shi ke nan hira ta ƙare. Gidan nan ɗaki uku ne, ban san yana da girma haka ba sai yanzu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarfe goma. Da tana wurin aiki a wannan lokacin, ba ta gida, amma wallahi ƙarfe goma ne na fi jin ba ta nan.

Ki gaya wa masu ɗinkin littafi cewa mijin Anti ne ke roƙo. Rabinsu ita ta koya musu riƙe allura.

Af, an ce ɗakinku sanyi gare shi saboda injuna. Kina sa rigar sanyi dai ko?

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Jan Biro


Alhamis

Baba,

Barka da war haka, ya ƙarfin jiki, ya gwiwa. Ina sa rigar sanyi, har biyu. Ka daɗe ba ka ji ni ba don ina jin kunyar rubuto maka hannu rabbana.

Imel ɗari biyu da goma sha huɗu na aika. Amsa shida ta dawo. Uku na'ura ce ta amsa cewa masu su suna hutu. Ɗaya ya ce tunda ya same ni, firintarsa tana cin takarda. Biyu sun yi addu'a mai kyau, ba su ce komai a kan zauren ba.

Sai na hau sama da ƙafata. Baba, shekara uku ban taɓa shiga ɗakin ɗinki ba. Na tsaya a bakin ƙofa da fom a hannu, wata ta ɗago kai ta ce in masu kawo gam ne a ajiye a can. Da na faɗi sunan Anti duk suka ajiye aiki, wata har ta yi hawaye. Amma da na karanta musu sharaɗin, cewa mai zaure shi ke da alhakin duk abin da aka faɗa a ciki, kuma dole ya riƙa magana aƙalla sau ɗaya a wata, sai kowa ya koma kan allurarsa. Sabuwar shugabarsu ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanwata, tsofaffin nan bakinsu ba linzami, kullum zagin manaja suke. Ni ina da yara." Ban ga laifinta ba.

Na je wa Oga, shugaban sashenmu. Bai ɗago daga allonsa ba ya ce zaure ba maƙabarta ba ne, in babu mai shi a bar na'ura ta yi aikinta.

Na haɗo maka jerin sunayen duk waɗanda na tambaya, shafi biyar, yadda Masinja ya fitar mini da su. Na sa alama a gaban kowa, don ka san ban yi ƙyuya ba.

Ga abin da na yanke. Gobe da safe zan sa ka ba tare da fom ba, kuma zan bar makullina a zauren a matsayin mai shi, ya riƙe har Allah ya kawo wani. Ya saɓa doka, amma zaure ɗaya cikin ɗari uku ba wanda zai duba. A bayan wannan takarda na rubuta maka yadda za ka shiga, mataki bakwai. Ka bi su a hankali, kada ka tsallake na huɗu.

Saura kwana goma sha tara, amma gobe ƙirgen zai tsaya in sha Allahu.

Taka,
Mai Makulli


Juma'a

Baba,

Ina gaisuwa. Ban san yadda zan fara ba, don haka zan faɗa kai tsaye. Na ɓata.

Ƙarfe tara na rubuta sunanka a takardar Masinja, na duba sau biyu, na danna. Ya shigar da ni. Ya sa ka. Ina kallon sunanka ya fito a allo, har na yi murmushi. Sai layin ƙarshe ya yi aikinsa, ya fitar da ni. Na manta ban tsayar da shi ba. Tun jiya nake gaya wa kaina in cire shi kafin in danna, amma hannuna ya yi abin da ya saba yi sau dubu. Sabo turken wawa.

Ga illar. Da Anti ta tafi, na'ura ta ɗauka rashi ne, ta ba da kwana talatin. Yanzu kuwa ta ga mai zaure ya shigo ya fita da ƙafarsa, sai ta ɗauka an yi watsi da zauren ne. Wannan dokarsa daban. Ta kulle shi, ba mai iya aika komai, sai saurare kawai, kuma kwana bakwai ta bayar. Juma'a mai zuwa ƙarfe goma sha biyu za ta share shi. Kwana goma sha takwas gare ka da safen nan, na mayar da su bakwai. Na kuma rufe bakin mutum tara da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Garin neman gira na rasa maka ido.

Ƙararrawa ta tafi wa Oga. Wannan karon ya ɗago kai. Ya ce in ya sake ganin makullina a zauren nan ba fom mai sa hannu, zai karɓe shi, in koma gyaran firinta.

Na zauna a ɗakin nan tun ɗazu, ba abin da ke motsi sai fankokin injuna. Na so in kira wani in gaya masa, na duba wayata daga sama har ƙasa, na mayar da ita jaka. Sai na ɗauko takarda.

Abu ɗaya ne ya yi daidai, kana ciki. Ka bi matakan nan bakwai yau, kada ka jira gobe. Ka saurara iya abin da za ka iya. Ka yafe mini, Baba.

Mai Makulli


Litinin

'Yata,

Sallama. Da fatan kin ci abinci, don takardarki ta Juma'a ba ta yi kama da ta wanda ya ci ba.

Na shiga. Mataki na huɗu ya ba ni wuya kamar yadda kika ce, amma na shiga. Na danna na farko da ya zo hannuna, sai ga ta tana cewa, "Dogo, ka sha maganin ko sai na zo?" Na ajiye wayar, na fita tsakar gida na tsaya. Na daɗe kafin in dawo.

Tun ranar nake saurare. Na fara daga farko, don ni ba na karanta littafi daga tsakiya. Ina ji ina rubutawa a littafin aikina, amma hannun tsoho ne, kwana uku saƙo tamanin kawai na kwafa. Kuma takarda ba ta ɗaukar yadda take jan "toooo" in za ta yi wa mutum tsiya. Ashe ni ma ina ciki. Kusan kullum sai ta ce, "Mai gidan yana gaishe ku, ko da yake bai ce ba." Shekara huɗu tana isar da gaisuwar da ban aika ba.

Don haka batun yafiya bai taso ba. Kin ba ni kwana bakwai, da ba ni da ko ɗaya. Dogo dai yana ta kumfar baki don an hana shi magana, na ce masa wannan hutu ne ga jama'a.

Yanzu ga aikina. Jerin sunayen da kika aiko, na bi shi da biro, don ba a ba ni takarda in ajiye ban duba ba. Shafi biyar, suna ɗari biyu da goma sha huɗu, daga manaja har mai shara. A bangon ɗakin Mai Gadi akwai allon da ke cewa ma'aikata ɗari biyu da goma sha biyar ne. Na ƙirga sau biyu. Na duba sashenku, na ga Oga, na ga mai gyaran firinta. Ban gan ki ba.

Kin ce makulli ba ya zama a zaure, na ji. To ke makulli ce? Ba ki da suna irin na kowa a na'urar nan, wanda ake aiko miki da sanarwar hutu? Kin hau hawa uku kina roƙon mutane, fom ɗin kuwa a hannun ma'aikaciya yake tun daga ƙasa.

Ki duba mini wannan. Saura kwana huɗu.

Babanki,
Jan Biro


Talata

Baba,

Ina kwana, ya jiki. Na ji daɗi da ka ji muryarta, wallahi na ji daɗi.

Ƙirgenka daidai ne. Ni na sa Masinja ya riƙa tsallake sunana in zai fitar da jerin ma'aikata, don kada in riƙa aika wa kaina imel. Na yi hakan tun shekarar farko, har na manta. Ina da akawun irin na kowa. Na buɗe shi jiya na duba. Zaure ɗaya yake ciki, na sanarwar kamfani, wanda ba a amsawa. Kuma na karanta dokar tun daga farko, ba inda ta hana.

Amma Baba, ba zan iya ba, kuma gara in gaya maka gaskiya da in laɓe bayan doka. Mai zaure sai ya yi magana. Mutanen nan shekara talatin suka yi tare, sun san 'ya'yan juna, suna da tsiyarsu da ba wanda ya gane sai su. Ni wace ce da zan zauna a kujerar Anti? Ni na rufe akawunta. Ni na kulle musu baki. In shiga in ce musu me?

Ban iya hira ba. Da mahaifiyata tana da rai, ita nake kira lokacin cin abincin rana, ita ke magana ni ina "uhm", mu duka mun gamsu. Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Yayyena suna da zaure na gida, ni na buɗe musu, ana tunawa da ni in wayar wani ta rikice. Ba ƙorafi nake ba. Na saba da shiga in gyara in fita, a nan ne ba na takura wa kowa.

Gobe zan sake hawa ɗakin ɗinki. Akwai wadda ta yi hawaye, wataƙila in na same ta ita kaɗai ta yarda.

Ka ci gaba da saurare. Allah ya ƙara lafiya.

Taka,
Mai Makulli


Laraba

'Yata,

Sallama da gaisuwa. Ba zan yi miki wa'azi ba, don ni ne mutum na ƙarshe da ya isa ya yi wa wani faɗa a kan ƙin shiga zaure.

Tambaya gare ni. Kin san duk lokacin da Masinjanki ya yi aiki, rubutu yana fitowa a zauren? Ƙananan baƙaƙe ne a tsakiyar allo. "Mai kula ta shiga." Sai sunan wanda aka sa. Sai "Mai kula ta fita." Kin ce makulli ba ya jin abin da ake faɗa a ciki, don haka na san ba ki sani ba. Na ƙirga, sau biyar kika shiga Ƙarfe Goma kafin na ranar Juma'a.

Jiya na tsallaka gaba, abin da ban taɓa yi wa littafi ba, don na ga kwanakin ba za su kai ni ƙarshe ba. Na faɗa kan ranar da aka sa Direba, tsohon mai tuƙa motar kamfani, wata bakwai da suka wuce. Ga abin da ta ce bayan ta gama yi masa maraba. Na saurara sau huɗu don kada in ƙara ko in rage.

"Af, jama'a, kun ga mutuniyar tawa? Ta sake shigowa ta fita, ko sallama babu. Ke baiwar Allah, wa ya kore ki? Na tambayi Mai Gadi, ya ce yarinya ce ita kaɗai a ɗakin sanyin nan, nan take cin abincinta. Haba. Dogo, ka matsa, kai kaɗai ka cinye benci. In kin sake shigowa ki zauna, akwai wuri. Bari aikin littattafan makarantar nan ya ragu, da kaina zan sauka in ɗauko ta."

Dogo ya amsa ya ce shi ba ya matsawa. Direba ya ce a kawo ta, ko ta gyara masa waya. Sati uku bayan nan ta sake cewa, "Ban manta da ta ƙasa ba." Daga nan ciwon ya fara, aikin littattafan ma wasu suka ƙarasa shi.

Da na saurari matata a gida, da ban rubuta miki "Malam" ba. Na tabbata ta ba ni labarinki, ina karanta jarida ina cewa "uhm".

Ba kujerarta aka ce ki zauna ba, wannan ba mai zama a kai. Gefen Dogo aka ce. Ni dai saƙo na isar, kuma na makara da shi wata bakwai, na fi masinjanmu mai keke.

Saura kwana biyu. Duk abin da kika yanke, ke 'yata ce.

Babanki,
Jan Biro


Juma'a, ƙarfe goma saura kwata

Baba,

Ina kwana.

Jiya na cike fom ɗin da sunana, na kai wa Oga. Ya juya shi gaba da baya, bai sami dokar da ta hana ba, ya sa hannu. Na ba Masinja layi ɗaya: sunana, Ƙarfe Goma, mai shi. Ya shigar da makulli, ya sa ni, ya fitar da makulli kamar kullum. Ni ina ciki. Ƙirgen ya tsaya, zauren ya buɗe. Ka ajiye biro, ka saurara a hankali, ba inda za ta.

Na nemo saƙon ranar Direba na ji da kunnena. Ba zan ce komai a kansa ba yanzu.

Dogo ya riga ya aiko murya huɗu, uku ƙorafi ne. A ta huɗun ya ce ya matsa.

Na haɗa shayi, ga wayar a hannuna. Wannan takarda za ta same ka bayan ka riga ka ji ni. In muryar ta yi rawa, Baba, kada ka ja mata jan biro.

'Yarka,
Ta Ƙasa